Dare ɗaya a kafaɗar Bagazam: nazarin abin da ya sami wasu samarin Damagaram

Wannan nazari ya shafi tafiyar da wasu samari bakwai ƴan fada ɗaya, wato majalisar hira ta samari, daga unguwar Birni ta Damagaram suka yi zuwa dutsen Bagazam a ƙasar Abzin, a ƙarshen watan Disamba, inda dare ya riske su a tsakiyar hawa, suka kwana a fili cikin sanyi mai tsanani, har ƙaraminsu ya kusa rasa ransa. Ba a ambaci sunan kowa ba, domin dukansu suna nan a gari suna harkokinsu. Abin da ake so a duba shi ne yadda aka yanke shawara kafin a fara hawa, da kuma wanda maganarsa ta yi rinjaye a kowane mataki, domin wahalar wannan dare daga can ta samo asali.

Wurin da abin ya faru

Bagazam tudu ne mai faɗin gaske a kudancin duwatsun Abzin, cikin jihar Agadas, kuma ƙololuwarsa da ake kira Idukal-n-Tages, mai tsawon mita 2,022, ita ce wuri mafi bisa a duk faɗin Nijar. Wanda bai taɓa zuwa ba yakan zaci ƙungurmin dutse ne babu kowa, alhali a samansa akwai ƙauyukan Abzinawa da idanun ruwa da garake inda ake noman albasa da tafarnuwa da dankalin turawa. Tun kaka da kakanni jakuna da raƙuma ne ke hawa da hatsi da sukari, su sauko da amfanin garaken zuwa yankin Tabelot, wanda ke da nisan fiye da kilomita 100 daga Agadas. Daga Damagaram zuwa Agadas kuwa, ta Tanut da Adarbisnat, kimanin kilomita 450 ne.

Mutumin Damagaram ba baƙo ba ne ga Abzinawa. Unguwar Zango kanta masaukin ayarinsu ce tun zamanin da suke gangarowa ta Damargu da gishirin Bilma da dabino, su wuce Kano. Sai dai sanin da ke tsakani sani ne na kasuwa da maƙwabtaka; an san mutanen, ba a san ƙasarsu ba. Ga samarin Birni kuma akwai ƙarin abin da ya ruɗe su, wato manyan duwatsun da ke cikin unguwarsu, waɗanda kowane yaro ya tashi yana hawansu da silifas tsakanin la'asar da magariba. Da wannan ma'auni suka auna Bagazam.

Akwai kuma batun jagora. Kafin tawayen 2007 zuwa 2009, da sace ma'aikatan ƙasashen waje da aka yi a Arlit a watan Satumba na 2010, Agadas cike take da masu raka ƴan yawon buɗe ido, waɗanda ke da tsari sananne na jakuna da barguna da mai dafa abinci. Da baƙi suka ɗauke ƙafa, da yawa daga cikinsu suka koma wasu sana'o'i, musamman haƙar zinariya bayan 2014. Saboda haka samarin ba su sami wani tsayayyen tsari da zai tilasta musu komai ba. Ta hannun wani ɗan kasuwar albasa suka sami wani dattijo mai garka a saman dutsen, wanda ya sauko da kaya zai koma gida, ya yarda ya tafi da su a kan lada kaɗan.

Shirin tafiya

Karo-karo suka yi na ƴan watanni, kuɗin yana hannun ma'ajin fada, wani mai shago a kasuwar Dole wanda kowa ya shaida da riƙon amana da tsantseni. Lissafinsa ya rufe kuɗin mota zuwa da dawowa, da abinci, da ladan jagora, amma bai bar rarar ko kwana ɗaya ba, domin shi da wasu biyu sun yi alkawarin buɗe shagunansu a ranar da suka sa. Sun tafi da garin rogo da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da kayan shayi. Kowa ya ɗauki rigar sanyi irin wadda ake sawa a kan kabu-kabu da safiyar hunturu, bargo kuwa biyar suka ɗauka su bakwai.

Sun isa ƙauyen da ke gindin dutse da hantsi, bayan sun kwana a bayan motar ɗaukar kaya wadda ta lalace musu a hanya. A nan aka yi maganar da ta fi kowace muhimmanci a wannan lamari. Dattijon ya dube su, ya dubi kayansu, ya ce abin da ya fi shi ne su huta yau, a tashi bayan sallar asuba, kuma a ɗauki jakuna biyu, ɗaya na ruwa ɗaya na kayan kwanciya. Sau ɗaya ya faɗa, cikin Hausarsa mai sanyi, bai ɗaga murya ba. Ma'aji ya lissafa kuɗin ƙarin kwana da na jaki na biyu, ya amsa da cewa, “Baba, mu samari ne, mun saba da wahala, a bar jaki ɗaya, sauran mu ɗauka a baya.” Dattijon ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce to, Allah ya kai mu lafiya.

Yana da kyau a tsaya a kan wannan musaya, domin kowane ɓangare ya fahimci ɗan'uwansa a karkace. Ga ɗan kasuwar Damagaram, maganar farko da mai kaya ya yi taya ce, ana ragewa, kuma wanda ya saki magana da wuri ya nuna cewa daman bai riƙe ta da gaske ba. Da suka ji jakuna biyu, sai suka ɗauka dattijon yana nema wa ɗan'uwansa mai jaki ciniki ne. Ga dattijon kuwa, tarbiyyar da ya tashi a cikinta ta kamun kai ba ta ba shi damar ya yi ta nanata magana ga baƙi kamar mai roƙo ba, balle a kan abin da zai yi kama da kwaɗayin kuɗinsu. Shi ya ga ya faɗi gaskiya ya sauke nauyi, su kuma suka ga sun yi ciniki sun ci riba. Daga baya babu ko ɗaya daga cikin samarin da ya musa cewa an gargaɗe su. Abin da suka ce shi ne ba su ji gargaɗin a matsayin gargaɗi ba.

Da jaki ɗaya, dole aka zaɓi abin da za a ɗora masa. Bido guda mai lita 20 da kayan abinci suka hau, aka bar barguna biyu a ƙauye saboda nauyi, aka tafi da uku. Ba su tashi ba sai bayan azahar, wajen ƙarfe biyu da rabi, alhali a wannan yanki rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida a ƙarshen Disamba.

Masu hawan duwatsu suna da wani tsohon lissafi da William Naismith, ɗan ƙasar Sikotilan, ya tsara a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Wannan lissafi na lafiyayyen mutum ne wanda ya saba, marar kaya mai nauyi, a kan hanya mai kyau, kuma ba a sa hutu a ciki ba. Mutanen da suka kwana ba barci a bayan mota, da jaka a baya, a kan turbar da duk tsakuwa ce da matakalar dutse, sai an ƙara musu rabi ko fiye. Ko da babu abin da ya faru a hanya, sa'o'i uku da rabi na haske ba za su kai su ƙauyen farko ba. Ruwan ma haka: mai hawa cikin busasshiyar iska yana buƙatar aƙalla rabin lita a kowace awa, wato mutum takwas za su shanye bidon nan cikin sa'o'i biyar, ban da shayi da girki. Da la'asar ta yi, uku daga cikinsu har sun yi alwala da ruwan kafin dattijon ya tunatar da sauran cewa matafiyin da ke tsoron ƙishirwa an yarje masa taimama.

Targaɗen da aka ɓoye

Ƙaramin cikinsu, mai koyon ɗinki ɗan shekara goma sha tara, ya gurɗe a kan wani dutse mai motsi bayan la'asar kaɗan. Sabon takalmi ne a ƙafarsa, mai santsin ƙasa, wanda ya saya musamman domin tafiyar. Shugaban fada ya tambaye shi ko lafiya, ya ce, “Lafiya lau, Yaya, ba komai.” Yaron da aka yi wa alfarma aka sa shi cikin tafiyar manya, wanda kuma bai gama biyan nasa karo-karon ba, ba zai buɗe baki ya ce a tsaya saboda shi ba. Abokinsa da ke biye da shi ya ga yana ɗingishi, ya ba shi ƙwayar tramol a ɓoye, irin wadda ake samu a hannun masu tallar magani, bayan wani lokaci ya ƙara masa wata.

Ƙwayar ta kashe zafin, ya ci gaba da taka ƙafar da ya kamata a ɗaure a huta. Saurinsa ya ragu ƙwarai, tawagar ta rabu biyu, na gaba suna jira suna gunaguni. Saboda ƙoƙarin da yake yi ya cim musu, gumi ya jiƙe rigar auduga da ke jikinsa sharkaf, ya ɗora rigar sanyi a kanta da iska ta fara kaɗawa, bai canza ta ciki ba.

Magariba ta same su a wata kafaɗa ta dutsen, da sauran tafiyar kusan sa'o'i biyu a gabansu. Ma'aji da wasu biyu suka ce a kunna fitilun waya a ƙarasa. A wannan karon dattijon bai yi musu da kowa ba. Ya ja jakin zuwa bayan wani babban dutse da ke tare iskar arewa maso gabas, ya kwance kayan, ya ɗaure masa dabaibayi. Gaba akwai wurin da turbar ke bin bakin kwazazzabo, kuma ba zai bi da jaki da baƙi bakwai ta nan cikin duhu ba. A ganina wannan ita ce shawara mafi inganci da aka yanke a duk tafiyar, kuma abin lura shi ne an yanke ta da aiki, ba a bar ƙofar ciniki ba.

Daren

Sanyin da ɗan Damagaram ya sani a watan Disamba da Janairu, wanda ke hana fita sallar asuba ba tare da mayafi ba, yakan tsaya kusa da digiri 15 da dare. Garin bai kai mita 500 daga matakin teku ba, iska kuma tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da aka hau. Idan aka haɗa wannan da kasancewar Abzin can arewa, da busasshiyar iska da sarari marar gajimare wanda ke barin ɗumin ƙasa ya tsere da zarar rana ta faɗi, sai a gane dalilin da ya sa a saman waɗannan duwatsu sanyi kan kai ga daskarar da ruwa a tsakiyar hunturu.

Itace ya yi ƙaranci. Dattijon ya hana a sari ɗanyen itacen ƙaya da ke kusa, domin ba zai ci wuta ba kuma abincin awakin mutane ne, sai ƙirare da busasshen kashin jakuna da raƙuma da suka tsinto a gefen turba. Aka dafa shayi, aka jiƙa gari da ɗan ruwan da ya rage, wutar ta mutu bayan tsakar dare kaɗan. Babu rezo ko ɗigo, batiran wayoyin kuma suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya saboda sanyi da hasken da aka yi ta kunnawa. Barguna uku ba su isa ba, amma babbar matsalar tana ƙasa: dutsen da suka kwanta a kai ya riƙa zuƙe ɗumin jikinsu fiye da yadda iska ke yi, domin ba su da tabarma ko wani abin shimfiɗa mai kauri. Yawancinsu a zaune suka kwana, gwiwa a ƙirji, haƙora na kaɗawa.

Can wajen ƙarfe uku na dare, yaron mai ɗinki ya daina rawar ɗari. Harshensa ya yi nauyi, ya ce shi ba ya jin sanyi, har ya fara ƙoƙarin cire rigarsa. Wanda ke kusa da shi ya ɗauka sauƙi ya samu. Da ya fara sambatu yana kiran sunan maigidansa na shago, sai wani ya ce iskokin dutse ne suka shafe shi, ya fara tofa masa addu'a. Dattijon ne ya sa hannu cikin rigar yaron, ya ji ƙirjinsa sanyi ƙalau ga rigar ciki jiƙe, ya tambaya ko ya sha wani abu. A nan ne abokin ya faɗi maganar tramol, a nan ne kuma aka kwance takalmin aka ga idon sawun ya kumbura suntum.

Abin da likitoci suka sani game da wannan hali ya yi daidai da abin da aka gani. Zafin jikin mutum yana kusa da digiri 37, kuma idan ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Rawar ɗari hanya ce da jiki ke samar wa kansa ɗumi, saboda haka daina ta ga mutumin da har yanzu yake cikin sanyi alama ce ta taɓarɓarewa, musamman in ta zo da ruɗewa da nauyin harshe da cire tufafi. Tramol kuma yana danne rawar ɗarin, har a asibiti akan yi amfani da shi domin tsayar da ita bayan tiyata, ga shi yana kawo gyangyaɗi. Jiƙaƙƙiyar riga, da gajiya, da ƙarancin ruwa da abinci, da ƙwayar da ta kashe masa garkuwar da ta rage, su suka sa shi kaɗai ya faɗi a cikin mutum takwas da suka sha sanyi ɗaya.

Dattijon ya cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, ya sa aka ba shi busasshiya, ya shimfiɗa akumarin jakin da buhunan kaya a ƙarƙashinsa, ya warware rawaninsa ya naɗe masa kai da wuya. Ya sa mutum biyu suka kwanta suka manne da shi gaba da baya, aka lulluɓe su da bargunan uku duka. Ya tono duwatsun murhu da ke da sauran ɗumi, ya naɗe su a tsumma ya sa masa a hammata da gefen ƙirji. Da wani ya kama ƙafafun yaron zai murza, ya hana shi, wanda kuma shi ne daidai, domin murza gaɓoɓi yana tura jini mai sanyi zuwa zuciya. Suka ƙona kwalin sukari da sandar ɗaya daga cikinsu aka ɗumama ruwan ƙarshe, amma bai ba shi shayin ba sai da ya tabbata yana iya haɗiya da kansa, sa'an nan ya riƙa ba shi kurɓi kurɓi da sukari mai yawa. Kafin asuba rawar ɗarin ta dawo, ya gane mutane. Sauran biyar ɗin, ciki har da dattijon da ba rawani, tsaye suka ƙarasa daren suna taka ƙasa a wuri ɗaya.

Da gari ya waye dattijon ya hau shi da mafi ƙarfi a cikinsu, suka dawo da hantsi tare da mutanen ƙauye da jakuna da salkar ruwa da nonon awaki. Sama aka kai yaron, domin ƙauyen ya fi gindin dutse kusa. Wani mai ɗori ya ɗaure ƙafar, suka yi kwana biyu a hannun mutanen da ba su karɓi ko dala ba, sa'an nan aka sauko da shi a kan jaki. Ƙololuwar da suka zo dominta ba su taka ta ba. Wannan turba da ta zame musu abin ba da labari ita ce hanyar da mutanen wurin ke bi da marar lafiya ko mai naƙudar da ta gagara, abin da samarin suka gani da idonsu ranar saukowa, sa'ad da suka ba wa wasu masu ɗauke da tsohuwa hanya.

Rabon alhaki

Abubuwan da iyayensu suka ji tsoro kafin tafiyar, wato ƴan fashi da kunamu, babu wanda ya taɓa su. Ciwon da ƙarancin iska ke kawowa a kan manyan duwatsu ma ba shi ba ne, domin galibi sai an haura mita 2,500 yake bayyana, Bagazam kuma bai kai nan ba. A fada an fi ɗora wa ma'aji laifi, kuma yana da nasa kaso, tun da shi ya mai da shawarar jagora abin tayawa. Amma lissafin da ba shi da rarar kwana ɗaya duk fada ce ta amince da shi tun a Birni, kuma shugaban fada, wanda ya fi kowa shekaru, yana tsaye aka yi maganar jakuna bai ce uffan ba, don kada a ce ya kunyata ma'aji a gaban baƙo. Shi ne kuma ya karɓi “ba komai” daga bakin yaron da ya ga faɗuwarsa, bai ce a kwance takalmi a duba ba, alhali ya san ƙane ba ya kai ƙarar ciwo gaban yayyensa.

Dattijon ma ba a wanke shi sarai ba. Ikon da ya nuna da magariba yana da shi tun da azahar, kuma da ya ƙi ɗora wa jakin kaya a gindin dutse, da ba su da yadda za su yi sai su kwana. Mai yiwuwa ladan, komai ƙanƙantarsa, ya yi masa nauyin da ba zai so ya rasa ba a lokacin da baƙi suka yi wuya. Mai yiwuwa kuma ya auna su da ƙafar mutanensa, waɗanda ke cinye wannan hawa cikin rabin lokacin.

Da suka dawo Damagaram aka ɗauki hoton ƙafar, aka ga ƙashin idon sawun ya tsage, kuma takawar da ya yi a kansa bayan ya sha ƙwaya ta ƙara ɓata wurin. Kuɗin magani da na ƙarin kwanaki da na jakunan saukowa ya ninka abin da aka yi tattali sau da yawa. Mahaifin yaron ya je fada da kansa, bai yi faɗa ba, ya ce dai shi ba zai biya ko tamma ba, tun da ba da shawararsa aka ba ɗansa ƙwaya ba. Bayan zama biyu aka amince a biya daga asusun fada, wanda ya ba da tramol ɗin ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku, ma'aji kuma ya sayi sabon rawani da bargo daga aljihunsa ya aika wa dattijon ta hannun ɗan kasuwar albasar. Yaron ya yi kusan wata uku bai taka keken ɗinki ba, maigidansa ya mai da shi kan sa maɓalli da guga har ƙafar ta warke.